Ƙaramin inji mai turbo a akori-kura: da wa aka yi lissafin?

A watan Yunin 2025 kamfanin Ram na Amurka ya yi abin da kamfanonin mota ba su saba yi ba, ya fito fili ya ce ya tafka kuskure. Kafin nan ya cire injin Hemi mai silinda takwas da lita 5.7 daga akori-kurarsa Ram 1500, ya maye gurbinsa da wani mai silinda shida, lita 3.0, da turbo biyu, wanda ya raɗa wa suna Hurricane. A takarda sabon ya fi tsohon. Yana ba da ƙarfin doki 420, tsohon kuwa 395, kuma ya fi shi ja. Duk da haka masu saye suka yi ta ƙorafi, har shugaban kamfanin, Tim Kuniskis, ya sanar cewa Hemi zai dawo a motocin 2026. Wanda ke son tsohon injin kuma sai ya ƙara kuɗi a kan farashin sabon. Mutum ya biya ƙari don a ba shi injin da bai kai ɗayan ƙarfi ba, kuma aka yi rububin sayensa.

Masu son turbo sun ce wannan son rugugi ne kawai. Wai Ba'amurke ya tashi yana jin ƙugin V8, wato inji mai silinda takwas, a motar ubansa, shi ya sa kunnensa ya ƙi karɓar wani sauti. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, tun da har an kai ga saka ƙarar inji ta bogi a lasifikar cikin mota don a lallashi direba. Amma ban yarda cewa duk wanda ya zaɓi babban inji kunnensa ne ya ruɗe shi ba. Ni ban ga laifin turbo ba. Abin da nake tuhuma shi ne dabarar da aka shigo da shi da ita, ta a tsuke injin motar aiki sannan a ce turbo ya cike giɓin. Dabarar ta yi wa mai yawo da mota fayau daidai. Wanda ke lodin ta kullum, kuma yake nufin riƙe ta shekara goma sha biyar, shi kam ba da shi aka yi lissafin ba.

Abin da ke iyakance ƙarfin injin fetur iska ce. Zuba mai ba wuya, amma kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar kusan giram 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Saboda haka duk mai son ƙarin ƙarfi, aikin da ke gabansa shi ne shigar da ƙarin iska cikin silinda. Tsohuwar hanya ita ce a faɗaɗa silindar, a ƙara yawansu, fistan ya sauka ya zuƙo iska da kansa. Ɗaya hanyar kuma a danna iskar da ƙarfi. Turbo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke kan hanyarsa ta zuwa salansa yana juya ta farko, ta biyun tana tura iska cikin inji. Idan aka ninka matsin iskar, injin lita 3.5 zai haɗiyi abin da ya kusa na injin lita 7. Fasahar ma ta tsufa. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista tun 1905, kuma ta daɗe tana aiki a jiragen ruwa da na sama da manyan motoci kafin ta shiga ƙananan motocin fetur a 1962.

Ford ne ya fara ɗora ta a babbar akori-kurar fetur a matsayin injin aiki, a F-150 ta 2011. Injinsa mai turbo, EcoBoost mai lita 3.5, ya zo da doki 365, V8 ɗin kamfanin mai lita 5.0 yana da 360. Wannan ba wani bambanci ba ne. Inda tazarar take shi ne ƙarfin murɗawa, wanda direba ke ji a matsayin ja: a ma'auninsa da ake kira Nm, 569 ga mai turbo, 515 ga V8. Fiye da haka ma, mai turbo yana kai wa ƙololuwar jansa tun inji na juyi 2,500 a minti, shi kuwa V8 sai ya kai 4,250. Duk wanda ya taɓa tayar da mota mai tirela daga tsaye a kan hawa ya san ma'anar wannan. Ɗaya kana taɓa totur ta ɗauka, ɗayar sai giya ta sauka biyu, inji ya yi kururuwa, sannan ta fara motsi da gaske. Mutanen da suka yi rantsuwa ba za su sayi akori-kura mai silinda shida ba, da yawansu gwaji ɗaya ya ishe su suka canza magana. Cikin shekaru kaɗan sauran suka bi sahu. Ford ya ƙara na lita 2.7 a 2015, Chevrolet ya sa mai silinda huɗu kacal a Silverado ta 2019, Toyota ya yi bankwana da V8 a Land Cruiser 300 a 2021 da Tundra ta 2022, sannan Tacoma ta 2024 ta bar V6 ta koma lita 2.4 mai turbo.

A kan tsauni kuwa babu ma abin da za a yi gardama a kai. Iska tana sirancewa idan aka yi sama, kuma injin da ke zuƙa da kansa yana asarar kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300. Babban titin I-70 a jihar Kolorado yana hawa har kimanin mita 3,400 a ramin Eisenhower, inda masu gwajin motoci suka mayar wurin auna jan tirela. Kafin V8 ya kai can ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Turbo kuwa sai dai ya ƙara saurin juyi ya tattaro iskar da ta yi ƙaranci. Wanda aikinsa a kan tsaunuka yake, ban ga dalilin da zai sa ya tsaya wani dogon tunani ba.

Batun shan mai shi ne ya fi ruɗa mutane, domin kowane ɓangare yana da gaskiya. Akori-kura fayau a kan miƙaƙƙen titi ba ta buƙatar fiye da doki talatin ko arba'in. Babban inji a wannan hali kusan a shaƙe yake tafiya: bakin shigar iska a tsuke, fistan takwas suna ta fama su zuƙo iska ta ƙaramar kafa, ga gogayyar ƙarafa masu yawa. Duk wannan wahala mai ne ke biyan ta. Ƙaramin inji bakinsa a buɗe yake fiye da haka, sassan da ke gogayya ba su kai ba, turbo kuma yana hutawa. Shi ya sa a alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, tsohuwar Tundra mai V8 take yin mil 15 a galan ɗaya, sabuwar mai turbo ta kai 20. Wannan riba ce ta zahiri, kuma wanda ya yi shekaru yana cika tankin irin wannan mota ba zai raina ta ba.

To, ɗaura mata tirela mai nauyin tan uku ko huɗu, ka shiga iska mai bugowa ta gaba. Yanzu aikin da ake nema doki ɗari da hamsin ne ko ɗari biyu, awa bayan awa. Wannan aiki yana buƙatar iska iri ɗaya da mai iri ɗaya, ko a silinda shida aka ƙone shi ko a takwas. Ribar da ƙaramin inji ke ci ta hanyar hutawa ta tafi, tun da ba ya hutawa. Sannan wata matsala ta taso wadda babban inji bai cika damuwa da ita ba. Iskar da aka danna tana zafi, fetur kuma idan ya ji zafi da matsi yakan fashe kafin lokacinsa, abin da ke iya fasa fistan. Kwamfutar motar tana kare injin ta hanyoyi biyu: ta jinkirta wutar fulogi, wanda ke rage aikin da ake samu daga kowane ɗigon mai, ko kuma ta ƙara zuba fetur fiye da wanda zai ƙone, don kawai ya sanyaya silinda da farfelar turbo. Wato ana sayen fetur ana yin sanyaya da shi. Saboda wannan tsoron ne ma tun wajen ƙira ake rage matsin fistan a injin turbo: na Ford mai lita 3.5 yana matse iskar sau 10.5, V8 ɗinsa mai lita 5.0 kuwa sau 12. A ƙarƙashin lodi mai nauyi su biyun duk shan mai suke yi ba ji ba gani, kuma sau da yawa mai turbo ba ya fin ɗan'uwansa da komai. Tun 2013 mujallar Consumer Reports ta bayyana cewa da yawa daga ƙananan injinan turbo da ta gwada ba su cika alkawarin tsimin mai da aka yi a kansu ba.

Mutum zai iya yafe wannan, ya ce ai jan da yake samu ya biya. Abin da ya fi damuna shi ne shekaru.

Ɗauki 'yan dako biyu. Ɗaya ƙato ne, buhu a kansa tafiya ce kawai. Ɗayan siriri ne mai zafin nama, yana iya ɗaukar buhun, har ma ya riga ƙaton isa. Ranar farko siririn za ka yaba. Idan aikin buhu ɗaya ne a mako, shi ya fi dacewa, don bai kai ƙaton ci ba. Idan kuwa buhu ɗari ne kullum har shekara goma, kowa ya san bayan wa zai fara ciwo.

A cikin ƙarfe abin da hakan ke nufi shi ne zafi da matsi. Injin lita 3.5 mai ba da doki 400 kowace litarsa tana ɗauke da doki sama da 110. V8 mai lita 5.0 da ke ba da doki 400 ɗin nan, kowace lita 80 take ɗauka. Hayaƙin injin fetur da ke aiki tuƙuru yana haura digiri 900, kuma duk wanda ya taɓa ɗaga bonet da dare bayan doguwar hawa yana iya ganin jikin turbo ya yi jajir. A cikin wannan jan ƙarfe akwai sanda siririya da ke juyi fiye da sau 150,000 a minti, ba abin da ya raba ta da ƙarfen da ke kewaye da ita sai ɗan siririn baƙin mai da ke zuwa ta wani bututu da bai kai kaurin yatsa ba. Idan man ya tsufa, ko aka zuba marar kyau, ko aka riƙa kashe inji nan take bayan aiki mai tsanani, sai ya toye ya zama baƙin dasƙare a cikin bututun. Hanyar ta fara tsukewa a hankali. Wata rana shuɗin hayaƙi ya fara fita daga salansa. Bakanike ya kwance bututun iska, ya sa yatsa ya taɓa farfelar, ya ji tana lilo gefe da gefe, ya ɗago ya dube ka. A da yawa daga motocin nan kuma turbo biyu ne, kuma wanda ya san aikinsa ba ya canza ɗaya ya bar ɗayan.

Injiniyoyi ba barci suke yi ba, dole a faɗi wannan. Turbo na zamani ruwan lagireto yana zagaya shi, kuma a motoci da yawa wani ƙaramin famfo yana ci gaba da tura ruwan bayan an kashe inji. Ford ya zuba jikin injinsa na lita 2.7 da irin ƙarfen da ake yin injinan dizal da shi. Da aka ga feshin mai kai tsaye cikin silinda yana barin baƙin datti ya taru a bayan bawul, domin fetur ba ya bi ta kansa ya wanke shi, sai Ford ya ƙara layi na biyu na feshi a 2017. Da aka gano cewa ƙananan injinan turbo suna yin wata muguwar fashewa idan aka take totur inji na juyi a hankali, kuma cewa sinadaran da ke cikin baƙin mai suna da hannu a ciki, sai aka fito da sababbin ma'aunan mai, API SN Plus a 2018 da SP a 2020. Kowace matsala an samo mata magani. Sai dai ka lura da irin maganin: ƙarin famfo, ƙarin injekta, ƙarin na'urar auna abu, da baƙin mai na musamman wanda idan aka zuba wani a madadinsa inji na iya tafiya. Kowane magani sabon abu ne da zai iya lalacewa, ko sabon sharaɗi da mai mota zai iya karyawa bai sani ba.

Akwai wata tambaya da masu kare turbo ke jefowa, kuma tana da nauyi. Suna cewa, in dai turbo na rage wa inji kwana, me ya sa duk manyan motocin dakon kaya na duniya suke da shi, kuma suke yin kilomita miliyan? Me ya sa injin dizal na Cummins da kamfanin Dodge ya fara sa wa akori-kurarsa a 1989 ya zama abin misali wajen ƙarko? Me ya sa Hilux mai dizal ta lita 2.8 take da turbo? Amsar ita ce ta kai ni ga ra'ayin da nake kai. Dizal matsi yake so, da shi yake kama wuta, don haka ba shi da tsoron fashewar da ke damun fetur. Yana aiki da iska fiye da buƙata, hayaƙinsa bai kai na fetur zafi ba. Uwa uba, ba a tsuke shi ba. Cummins na yau lita 6.7 ne, Power Stroke na Ford ma 6.7, Duramax na kamfanin General Motors (GM) 6.6. Injina ne manya masu kaurin ƙarfe da aka ƙara wa turbo, suna juyi a hankali. Ba a ɗauko rabin inji an ce ya yi aikin cikakke ba.

Kamfanonin da kansu sun san wannan, kuma hujjata mafi ƙarfi daga gare su ta fito. Dubi abin da suke sa wa akori-kurarsu masu nauyi, waɗanda 'yan kwangila da manoma da hukumomi ke saye don aikin yini guda cur. A 2020, bayan Ford ya yi shekara tara yana tallar EcoBoost, da ya tashi ƙera sabon injin fetur na motocinsa Super Duty sai ya fito da V8 mai lita 7.3, ba turbo, bawul biyu a kowace silinda, da tsohon tsarin sandunan tura bawul. Dokinsa 430 ne kawai, wato ƙasa da 60 a kowace lita. A shekarar GM ya fito da nasa mai lita 6.6, shi ma ba turbo. Ram 2500 kuwa bai taɓa rabuwa da Hemi mai lita 6.4 ba, ko a lokacin da aka cire ƙaninsa daga 1500. Waɗannan kamfanoni suna da fasahar turbo a hannu, kuma da sun ga dama da sun sa. Sun san wanda zai sayi waɗannan motoci yana rubuta kuɗin mai da na gyara a littafi, kuma injinsa zai wuni a ƙarƙashin lodi. Da suka yi lissafi da irin wannan mutum, babban inji ne ya fito.

Akwai ma wani ɗan abu da ba a cika ambata ba, wato gangara. Idan ka sauke giya don inji ya riƙe mota, girman silinda ne ke riƙewa, turbo ba ya taimakawa da komai a nan. Mai lita 2.7 da ya haye tudu da tirela cikin sauƙi, a wajen saukowa injin lita 2.7 ne kawai, sauran aikin kuma ya koma kan birki.

Kada masu son V8 su yi saurin tafi, domin labarin da suke bai wa kansu shi ma ya tsufa. Injin da suke tunawa, wanda ake gyarawa da sifana uku a gindin bishiya, ba shi ake sayarwa yanzu ba. V8 na yau yana da feshin mai mai matsi, da na'urar sauya lokacin buɗe bawul, da tsarin kashe wasu silinda idan ba a buƙatar su, kuma wannan tsari na ƙarshe ya daɗe yana jawo wa masu motoci ƙorafi saboda sassan ɗaga bawul da ke maƙalewa. A Afrilun 2025 GM ya janye motoci kusan 600,000 a Amurka masu V8 na lita 6.2, saboda lahani a karanshaf da sandunan fistan da ke iya kashe inji ana cikin tafiya. Babu turbo ko ɗaya a jikinsu. Haka nan idan ana son yin adalci, janye motoci kimanin 102,000 da Toyota ya yi a 2024, Tundra da Lexus LX masu sabon injin turbo, wanda ya kai ga canza injinan ɗungurungum, ɓurɓushin ƙarfe ne da aka bari a ciki tun daga masana'anta. Da V8 aka bar wa wannan datti, shi ma da ya buga. Sakacin ƙira bai san girman inji ba. Don haka ba na cewa kowane babban inji ya fi kowane ƙarami ƙarko. Abin da nake cewa shi ne, idan an ƙera su biyun da kyau, babban yana da sauran sarari. Yana jure baƙin man da ya wuce lokacinsa, da fetur ɗin da bai kai ba, da matatar iska da ta toshe, fiye da ɗan'uwansa.

Wannan sarari kuwa ba mai saye na farko ne ke cin moriyarsa ba. Shi yana da garanti, yana kai mota sabis a kan lokaci, kuma kafin ta cika shekara biyar ya sayar ya sayi wata. Akori-kura ba ta mutuwa a nan. Tana zuwa hannu na biyu, na uku, na huɗu, wani lokaci ta tsallaka teku. Kowane hannu ya fi na baya ƙarancin kuɗi, ya fi shi lodin ta, ya fi shi nisa da garejin da ke da kwamfutar duba ta. Wannan mutum ne zai gamu da robar bututun iska da ta tsage tana huci, da murfin sakin hayaƙin turbo da ya fara kaɗawa, da fitilar gargaɗi da ba wanda ya san dalilinta. Ba a tambaye shi ba lokacin da ake zana injin, kuma ba ya cikin alƙaluman kowane kamfani, domin ba daga hannunsu ya saya ba. A 2016 Toyota ya karɓi wata Tundra ta 2007 da ta yi mil miliyan ɗaya da injinta na asali, V8 mai lita 4.7, ya bai wa mai ita sabuwa don ya kwance ta ya duba. Wata rana wata mai turbo za ta yi irin wannan, ba na shakka. Tambayata ita ce nawa ne cikin ɗari za su kai rabin haka a hannun mutanen da ba sa bin littafin sabis.

Me ya kawo tsukewar tun farko? Doka ce. Tun 1975, bayan takunkumin man fetur na 1973, Amurka take tilasta wa kowane kamfani ya kai wani matsakaicin tsimin mai a jimillar motocin da ya sayar, in ba haka ba ya biya tara. A 2012 gwamnatin Obama ta ɗaga ma'aunin sosai, da burin mil 54.5 a galan zuwa 2025. Gwajin kuwa a ɗaki ake yin sa, mota tana gudu a kan nadi, babu tirela a bayanta, yawancinsa da tuƙi mai laushi. Wannan shi ne filin da ƙaramin inji mai turbo ya fi kowa iya wasa. Ba na zargin dokar da mugun nufi, kuma ba zan ce ba ta yi amfani ba. Mafi yawan masu akori-kura a Amurka da wuya su ja tirela fiye da sau ɗaya a shekara. Kai yara makaranta suke yi da ita, da zuwa ofis, bayanta wayam. Ga waɗannan miliyoyin mutane ƙaramin inji shi ne daidai, kuma man da aka tsimi a kansu ba kaɗan ba ne. Wanda ya sayi V8 don ya riƙa zama a cunkoso da shi, rugugi ya saya, gara ya faɗi haka kawai.

A Yulin 2025 majalisar dokokin Amurka ta mayar da tarar nan sifili. Tun a watan Mayun shekarar GM ya riga ya sanar da zuba dala miliyan 888 a masana'antarsa ta Tonawanda a jihar New York don sabon zubin V8. Iska ta juya ke nan, kuma ina jin tsoron za a koma ɗaya kuskuren, a riƙa sayar wa mai zuwa ofis injin da ya fi ƙarfin buƙatarsa, kamar yadda aka sayar wa ɗan kwangila wanda ya yi masa kaɗan.

Abin da ya kamata a gyara ƙarami ne, kuma yana kan takardar da ake mannawa a gilashin sabuwar mota. Kamfanoni suna da ma'auni na bai ɗaya na nauyin da mota za ta iya ja, SAE J2807, wanda a cikinsa dole mota ta haye hawan Davis Dam a jihar Arizona, kusan kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Wannan yana tabbatar da cewa motar za ta iya. Bai gaya maka galan nawa ta sha kafin ta kai sama ba. Takardar gilashin tana nuna shan mai a gari da a babban titi, duka fayau, a motar da aka tallata ta da hoton tirela. Manyan akori-kura masu nauyi kuwa, waɗanda su ne ainihin na aiki, doka ba ta ma buƙaci a manna musu alƙaluman shan mai ba. Da za a ƙara layi ɗaya, a rubuta abin da kowane inji ke sha yana jan rabin nauyin da aka ce yana iya ja, a kan gudu ɗaya da hanya ɗaya, da ɗan kwangila da mai zuwa ofis kowa zai ga nasa lissafin kafin ya sa hannu a takardar bashi.